Murfin Langar Inna Habi

Tun da aka ji labarin za a ɗauki sababbin ma'aikatan bincike a filin jirgin sama, tsakar gidana ba ta rabuwa da 'yanmata da samari masu cike fom a waya. Kowa ya shigo sai ya ce, "Gwaggo Binta, ke da kika yi aikin, me za mu rubuta a nan?" Shekaranjiya ina ɓarar gyaɗa na ji wata a cikinsu tana ce wa ƙawarta wai aikin ai ba komai ba ne, ka sa yunifom, ka tsaya a cikin sanyin esi, ka riƙa shafa mutane da sanda har a tashi. Ban tanka mata ba, don na san halina, idan na fara magana a fusace ba na iya tsayawa. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku karanta a tsanake kafin ku aika da fom ɗin.

Shekara ashirin da bakwai na yi a bakin ƙofar da fasinja ke bi kafin su shiga jirgi. Ni 'yar nan ce, a ƙauyen nan na gefen Makoda aka yanke mini cibiya. Na yi sakandare a Ɗambatta, aure ya kai ni birni, aka ce ana neman mata masu ɗan ilimi da za su riƙa binciken mata, mijina ya amince, na shiga. A lokacin ko jirgin ban taɓa gani a ƙasa ba.

Ranar farko da na je, aka damƙa ni a hannun wata mata, Anti Rifkatu, gajeriya ce mai murya kamar ta namiji, kuma ita ce shugabarmu har na kusa yin ritaya. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta turo mini wata tsohuwar jaka ta ce akwai reza guda a ciki, in nemo. Na zazzage kayan, na duba aljihu, na duba cikin takalmi, na kwance ƙullin zane, babu. Da na ce mata ban gani ba, sai ta ɗauki sabulun wanka da na riga na ajiye a gefe, ta karya shi biyu, ga reza a tsakiya. Ta ce, "To, jirgi ya tashi da ita. 'Ya'yanki suna ciki." Tun daga ranar wani tsoro ya shiga cikina, kuma har na bar aikin bai fita ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai injin haska kaya, wanda ake ɗora jaka a kan bel ta shige ciki, hotonta ya fito a allo. Akwai ƙofar ƙarfe da mutum ke bi ta ciki, idan akwai ƙarfe a jikinsa ta yi ƙara. Akwai sanda, wadda ake zagaya jikin mutum da ita don a gane daidai inda ƙarfen yake. Sai safar hannu, sai wani ɗan ɗaki mai labule da ake shiga da wanda aka ga dole a duba shi sosai. A bakin ɗakin akwai littafi, duk wanda kika shiga da shi sai kin rubuta abin da kika samu.

Allon nan shi ne ya ci mini ido. Ƙarfe yana fitowa shuɗi, abinci da tufa da duk abin da ya fito daga tsiro ko dabba suna fitowa ruwan goro. Matsalar ita ce abin da ke fashewa shi ma ruwan goro yake fitowa. To, ku duba kayan mutanenmu: dawo, daddawa, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin kunu, yaji, duk ruwan goro ne dunƙule-dunƙule. Akwai ranar da na tsayar da bel saboda na ga wani dunƙule da waya ta nannaɗe shi, ga batir a gefe, daidai da hoton da aka nuna mana a kwas. Aka janye mutane baya, aka kira masu kare. Da aka buɗe, dawo ne wata Hajiya ta ƙulle a leda, ta cusa cajar waya da tocila a kansa. Mutane suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na san idan gobe na sake ganin irinsa sai na sake tsayarwa, kuma ranar da na gaji na ce ai dawo ne, wataƙila ranar ce ba dawo ba.

Ba a daɗewa a gaban allon, ana canza mutum akai-akai, don ido yana gajiya ya fara ganin abin da yake son gani. Layi ya yi tsawo, ana kiran jirgi, wani Alhaji yana buga agogonsa da yatsa yana cewa, "Malama, kin san ko ni wane ne?" Ke kuma kina da 'yan daƙiƙu ki yanke hukunci a kan jakar da ba ki taɓa gani ba.

Wani wanzami na tuna, daga wajen Ɗambatta, dattijo mai furfura, zai tafi aikin Hajji. Ya sa zabirarsa a jakar hannu, da asake guda biyar a ciki, wai idan an gama jifa shi zai yi wa 'yan garinsu aski, ba za su ba wani baƙo kansu ba. Manyan kayansa sun riga sun shige. Na ce masa, "Baba, waɗannan ba za su shiga jirgi ba." Ya ce na ubansa ne, ubansa ma gada ya yi. Ya roƙe ni da Allah, ya roƙe ni da iyayena. Wanda ya rako shi ya riga ya koma. Na karɓe su na jefa a durom ɗin da muke tara irin waɗannan kaya, yana tsaye yana kallo. Na san ba zai yanki kowa ba, shi ma ya san na sani.

Za ku tambaye ni ko binciken yana da amfani. Ni ma na tambayi kaina har na gaji. A duk shekarun nan ban taɓa kama mai niyyar tarwatsa jirgi ba, ko sau ɗaya. Na kama wuƙaƙen fere goro, da almakashi, da kwalaben man shanu da zuma da ba sa ƙirguwa. Na taɓa samun ƙwaya an ɗinke a tafin takalmi, na taɓa samun harsashi a aljihun wani maharbi da ya manta da shi. Idan na yi wannan ƙorafi, Anti Rifkatu takan ce mugun da ya san muna tsaye a nan shi ne bai zo ba, kuma wanda bai zo ba ba a rubuta shi a littafi. Wataƙila gaskiyarta. Amma akwai wata ƙofa a gefe da manya ke bi, jakunkunansu a hannun yaransu, ba wanda ya isa ya ɗaga musu sanda, sai dai a sara musu. Kullum ina ganin wannan ƙofa ta gefen idona, alhali ina sa tsohuwa ta cire ɗankwali a gaban jama'a.

Sai shekarar da gari ya rikice. Manyanku za su tuna lokacin da ake sauka a tura babur a kowane shinge, mutum ya fita da safe iyalinsa ba su da tabbacin dawowarsa. A wurinmu komai ya tsananta. Kullum da sabuwar takarda daga sama, kullum da jita-jita. Aka ce mata ma a duba su har ƙugu, har ƙirji, babu sani babu sabo. Ga kuma 'yan gwaji, wato ma'aikata daga babban ofis da ake turowa a ɓoye kamar fasinja, da abu a jikinsu, a ga ko za mu gano.

Wata Talata wata tsohuwa ta shigo layina, da atamfa koɗaɗɗiya da carbi a hannu, tana ɗingishi. Ƙofa ta yi ƙara. Na zagaya ta da sanda, ta yi ƙara a ƙasan ƙirjinta. Na ce, "Iya, mu shiga ɗaki." Sai ta kama hannuna ta ce, "Haba 'yata, laya ce da fil. Na haifi kamarki. Kya tuɓe ni?" Ku da kuka tashi a garin nan kun san yadda wannan magana take a kunnenmu. Mu da ba ma kiran sunan babba, ba ma haɗa ido da suruka, ina za mu kai hannu ƙirjin tsohuwa? Na shafa bayan hannuna sama-sama, na ce ta wuce, Allah ya kiyaye hanya. Ta yi taku uku, ɗingishin ya ɓace, ta juyo ta ciro katin aiki, sannan ta sa hannu cikin riga ta zaro bindigar gwaji ta ajiye a kan teburina.

Aka ba ni takardar gargaɗi, aka ce ita ce ta ƙarshe, idan na sake barin wani abu ya wuce in ajiye yunifom. A lokacin mijina yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, yara huɗu suna makaranta, aikin nan shi ne gidan gaba ɗaya. Aka kuma umarci Anti Rifkatu ta riƙa tsayawa a bakin labule duk lokacin da na shiga ɗaki da wata, ta ji daga bakina abin da na samu. Na zama abin tsoro. Ko 'yankunne suka yi ƙara sai na sa an cire, ko jaririya ce sai na kwance zanen goyo. Abinci ya daina shiga cikina sosai.

Sati uku bayan haka aka fara jigilar maniyyata, kuma aka zo kan jirgin mutanen yankinmu. A cikinsu akwai Inna Habi. Yaran yanzu ba ku san ta ba. Ita ce ungozomar ƙauyen nan, ita ta karɓi haihuwata, kuma da na zo gida haihuwar fari ita ta yi mini wankan jego kwana arba'in. Rabin mutanen garin nan a hannunta suka faɗo. Ta san asirin kowace mace, wadda ta haihu da wahala, wadda cikinta ya zube, wadda take da wani ciwo da ba ta son a sani, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba. 'Ya'yanta suka sayar da gyaɗar shekara biyu da bijimi suka biya mata kujera. Na ji labarin yadda aka rako ta, bas biyu cike, mata suna guɗa har bakin titi.

Na hango ta daga nesa cikin yadin maniyyata, ta rame ƙwarai. Layin mata biyu ne. Tana cikin ɗayan, da ta gan ni sai ta fice ta dawo nawa, tana ce wa na kusa da ita, "Ga 'yata can, wurinta zan bi."

Ƙofa ta yi ƙara. Na rusuna na gaishe ta, na ɗaga sanda. Kai babu komai, hannuwa babu komai, ƙugu babu komai. A ƙirjinta na hagu sandar ta yi wata irin ƙara mai tsawo, irin ta babban ƙarfe. Ta dube ni ta yi ƙasa da murya ta ce, "Binta, bar ni in wuce." Na waiga, Anti Rifkatu tana tsaye tana kallonmu. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, mu shiga ciki."

Da na ja labule ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Zan nuna miki, amma daga ni sai ke sai Allah." Ta ɗaga hijabi, ta ɗaga riga. Ta naɗe ƙirjinta da tsumma mai tsabta, ta kama da fil. Ta kwance a hankali tana cije leɓe. A ƙarƙashin tsumman akwai murfin langa, ɗan ƙarami, mai zanen fure, ta kifa shi a kan nononta. Da ta ɗaga shi sai na ga ciwon. Ba zan kwatanta muku ba. Ya ci wurin ya yi rami, kuma warinsa ya cika ɗan ɗakin duk da turaren da ta sa.

Ta ce shekara biyu ke nan. Ko 'ya'yanta ba su sani ba, ko matan 'ya'yanta. Da aka je gwajin lafiya ta cire murfin ta daure, aka auna jininta aka sallame ta. Ta sa shi ne don kada a buge ta a cunkoso. Ta ce, "Na san abin da ke jikina, na ga irinsa a jikin mata. Ba zan ga wata shekarar ba. Ki bar ni in je in ga Ɗakin Allah, in ya so ko a can ne a binne ni. Idan likitocin nan suka gani ba za su bar ni ba."

Doka a fili take. Idan aka samu ƙarfe a ƙarƙashin ɗaurin ciwo, mai bincike ba ta da ikon wanke mutum ita kaɗai, sai ta kira ma'aikaciyar lafiya a gaban shugaba. Amma ni na gani da idona, murfin langa ne da ciwo, babu abin da zai taɓa jirgi. Murfin yana hannuna. Ina iya sa shi a aljihun siket ɗina, in ninka ɗankwalina in sa mata a wurin, in mayar da tsumman, in fito in ce fil ne guda uku. Har na fara kwance ɗankwalin. Sai na tuna akwai wani binciken a bakin jirgi. Na tuna warin, na ce Anti za ta ji. Na ce idan ta sa sanda a aljihuna fa? Idan Inna ta faɗi a cikin jirgi aka bi littafi aka zo kan sunana fa? Na tuna mijina a kwance. Na bar ɗankwalin a kaina.

Daga bayan labule Anti Rifkatu ta ce, "Binta, me kika samu?"

Inna Habi ta riƙe mini hannu. Na ce, "Anti, a kira nas."

Zan so in ce muku doka na bi, amma ƙarya ne. Tsoro na bi. Nas ta zo, ta kira likita, likita ya kira jami'in maniyyata, aka nemo ɗanta Malam Sale a waje inda 'yan rakiya suke jira. Kafin a gama haka mutum biyar sun ga abin da ta ɓoye shekara biyu. Aka ce ba za ta iya tafiya a wannan hali ba, sai dai asibiti. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Ta karɓi murfinta ta mayar, ta ɗaure tsummanta da kanta. Aka sauke jakarta daga cikin kaya. Jirgin ya tashi lafiya ya sauka lafiya, kuma da tana ciki ma haka zai yi.

Da muka tashi aiki muna cire safar hannu, Anti Rifkatu ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Na ji warin tun daga waje. Da kin ce mini fil ne, da ban ɗaga labulen ba." Ban san ko don ta sanyaya mini rai ta faɗa ba, ko don ta hukunta ni. A ƙarshen wata aka janye takardar gargaɗina, aka rubuta cewa na nuna ƙwazo.

Bas ɗin da ta kai Inna Habi ita ta dawo da ita, cikin yadin maniyyata. Kafin magariba babu gidan da ba a san ciwonta ba daga nan har Makoda. Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowa da maganin da za ta kawo, kowa tana satar kallon ƙirjinta. Asibiti suka ce an makara. Ni kuwa na kasa zuwa. Sallah ta zo na ce aiki ya riƙe ni, aka yi suna a gidanmu na aika da saƙo.

To, ku cike fom ɗinku, ban hana ku ba, aiki ne na halal kuma dole wani ya yi shi. Ku koyi allon da kyau, ku koyi sa bayan hannu a inda ya kamata, ku ja labule ya rufu ruf, kada ku ɗaga murya a kan abin da kuka gani a jikin mutum. Amma kada wadda ta sake cewa a gidana wai shafa mutane ne kawai. Duk wanda ya ɗaga hannuwansa a gabanki ya ba ki abin da ko ɗan'uwansa bai ba shi ba, kuma ba da son ransa ba. Wata rana za ki tsaya a bayan labulen nan da wadda kika sani, a tambaye ki daga waje, kuma babu kwas ɗin da zai koya miki amsa. Ni har yau ban san wace ce daidai ba, na dai san wadda na bayar.

Wata biyar bayan tafiyar da ba a yi ba, da hantsi ina bakin aiki, Malam Sale ya kira ni ya ce Inna ta cika, kuma ana jirana. Kun san a garinmu ba a ajiye gawa. Na ce su yi mata sutura, zan zo gaisuwa. Ya ce a'a, ba za a taɓa ta ba sai na zo. Na hau mota zuwa Ɗambatta, na hau babur, duk hanya ina tunanin abin da za a faɗa mini a gaban jama'a.

Na tarar da maza a zaune a ƙofar gida, an riga an haƙa kabari, liman yana duba rana. Malam Sale ya tare ni a zaure ya ce, "Ta bar wasiyya. Ta ce ke za ki yi mata wanka. Ta ce tunda ke kin riga kin gani, kada a ƙara wata."

Na shiga ɗakin. Na sa matar Malam Sale ta tsaya a bayana tana miƙo mini buta, fuskarta a bango. Na yaye zanen. Tsumman yana nan, da fil ɗinsa guda uku, da murfin langar mai zanen fure. Na kwance shi a hankali kamar yadda na ga ta yi. Wannan karon babu wanda ya tambaye ni abin da na samu.